Lagireton da Garzali Bai Wanke Ba

Ɗakinmu ɗaya da Garzali a unguwar Najma, gadonsa a ƙasa, nawa a sama. Ni aikin gadi nake yi a Al Rayyan, shi kuwa direban gida ne. Amma kafin ya zo Doha, a Ƙofar Ruwa ta Kano ya girma yana gyaran lagireto, kuma har yau in mota ta wuce yakan karkata kunne kamar an kira sunansa.

Kafil ɗinsa, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, dattijo ne mai gona a Umm Salal. A can yake ajiye da wata tsohuwar motar tsere, ja, gajera, wadda ta girmi Garzali. Ran da dattijon ya gan shi durƙushe yana leƙen ƙarƙashinta, sai ya sauke masa kai yara makaranta, ya ce motar nan ita ce aikinsa daga yau. Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da baƙin mai a hannu irin haka ba. Muka shiga uku da labarin mota, ko tuwo muke ci sai ya sako ta.

Matsalarta ɗaya ce. In ta yi gudu a zafin nan na Doha, baƙin mai sai ya tsinke kamar ruwa, allurar zafi ta haye. Tana buƙatar ƙaramin lagireto na sanyaya baƙin mai, wanda ake ɗaurawa a hancin mota iska ta riƙa dukansa. Garzali ya ce zaɓensa ne aiki. In ya yi ƙanƙanta bai yi komai ba. In ya yi girma ya tare wa lagireton ruwa iska, kuma da sanyi, lokacin da ake tseren tsoffin motoci, mai ba zai ɗumama yadda injin ke so ba. Ya auna gurbin da igiya, ya yi ta yawo shago-shago da igiyar a aljihu. Akwai kuma dokar da ya sha nanata mana: ba a ɗaura lagireton da aka cire daga injin da ya buga, don garin ƙarfe yana maƙalewa a lungunansa. Kowanne aka ba ka, ka wanke, ka tace ruwan wankin a farin ƙyalle, ka duba.

Tsere ya matso bai samu ba. Sai ga Surajo, mijin ƙanwarsa Haulatu. Garzali ne ya yi masa hanyar zuwa Doha, shi ya samar masa aiki a wani gareji. Surajo ya je gonar da kansa, sanye da farar jallabiya, da kwali a hammata, ya kuma tsaya daidai inda dattijon zai gan shi.

"Yaya, ga shi. Sabo dal, a sito ya daɗe."

Girman ya yi daidai da igiya. Garzali ya riga ya tanadi bokiti da fetur, ya miƙa hannu zai ɗauko.

"Haba Yaya, ni zan kawo maka ka wanke? Wallahi mai bai taɓa shiga cikinsa ba."

Mutum ya rantse, surukinka ne, ga kafil tsaye yana kallo. Wankewa a nan ƙaryata shi ne a gaban baƙo. Kunya ta kama Garzali, ya ture bokitin da ƙafa, ya ɗaura tiyo, ya zuba mai.

Ranar tsere na samu hutu na bi shi. Motar ta tashi da kyau, allurar zafi ta zauna inda ake so, Garzali yana ta murmushi. Can sai muka ji wata ƙara kamar ana buga guduma a cikin tukunya, motar ta gangara gefe ta mutu. Da aka ja ta, ya tsiyayi man a tafin hannunsa ya ɗaga wa rana. Yana ƙyalli da garin ƙarfe. Ya kankare bakin lagireton da farce, sabon fenti ya ɓare, tsohon ya bayyana.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya tambaya kawai, "An wanke shi?"

"Ban wanke ba."

Iyakar abin da Garzali ya ce ke nan. Ya san in ya ƙara kalma ɗaya, Surajo zai iya tsintar kansa a jirgi, ga Haulatu da yara a Kano. Dattijon ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya karɓi makullin rumfar da ake ajiye motar. Washegari Garzali ya koma kai yara makaranta.

Abass, wani ɗan Zangon Kumasi da ke aiki gareji ɗaya da Surajo, shi ya gaya mana sauran. Da idonsa ya ga Surajo ya zaro lagireton daga tarin ƙarafan da za a zubar, ya fesa masa fenti. So yake dattijon ya san shi a matsayin mai samo kayan da suka gagara. Raina ya ɓaci matuƙa, na ce mu je mu same shi. Da Garzali ya tambayi Surajo, ko haƙuri bai bayar ba.

"Ai na ɗauraye shi da fetur, Yaya. Ƙaddara ce."

Da ni ne, da ba mu sake gaisawa ba. Garzali kuwa bai hana shi zuwa cin abinci ranar Juma'a ba. Labarin mota ne ya daina, kuma mu da muke ƙorafi a da, shirun ya fi damunmu.

Bayan sallah Surajo ya dawo daga hutu da tsaraba. Ya miƙa wa Garzali sabon kofin shayi a leda, ya ce Haulatu ce ta aiko. Ɗakin cike yake da mutane. Garzali ya karɓa ya yi godiya. Sannan ya tashi ya zuba ruwa a kofin, ya girgiza, ya cire farin hankicinsa ya tace ruwan a kai, ya nufi taga yana dubawa.

"Haba Yaya, sabo ne fa," in ji Surajo.

"Na ji," Garzali ya ce, ya sake zuba ruwa.