Takalman Almu Tela

Duk wanda ya sake ce mini sakaci ne ya ci ƙafar Almu, wallahi sai mun ɓata da shi. An faɗa a ƙofar masallaci, an faɗa a teburin mai shayi, har wata tsohuwa da ba ta ma san ko wace ƙafar ce ba ta ce wai dama masu ciwon suga ba sa jin magana. Ni Yari, shekara ashirin da uku muna shago ɗaya da shi a Ƙofar Kwaya, kekena na kallon kekensa. In akwai mai ba da labarin mutumin nan, ni ne.

Almu ɗan wani ƙauye ne a bayan Batagarawa. Ya shigo birni yana saurayi ya koyi ɗinki, mahaifin Alhaji Sammani ya saya masa keken ɗinki na ƙafa, baƙi, wanda har yau shi yake takawa. Tun daga ranar mutanen gidan suka zama iyayen gidansa. Tsohon ya rasu, ɗansa Alhaji Sammani ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya ya tare a GRA, Almu bai fasa ɗinka masa kaftani da babbar riga ba. Da keken lantarki ya shigo kowa ya saya, shi ya ce wuta ba ta zama, ƙafarsa kuwa kullum tana nan. Da ƙafar daman nan ya gina ɗaki uku, ya aurar da ɗiya biyu.

Shekara tara ke nan da ciwon ya kama shi. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari kamar me, ga rama. Sai da na ga ya rage ƙugun wandonsa sau biyu cikin wata guda sannan na ce ya isa, na ɗora shi a babur muka tafi asibiti. Aka auna aka ce suga ne.

To, ku ji yadda mai sakacin ke rayuwa. Da safe kafin ya sa komai a baki sai ya huda yatsa ya auna jini. Shayinsa ba suga, ɗaci kamar magani, haka yake kurɓarsa yana ɗaure fuska. Matarsa Rashida ta ware masa ɗan ƙaramin kwano, tuwon dawa ba ya wuce bakin kwanon, sauran ciki kuma wake da zogale ke cikawa. Mutumin da a da sai ya shanye ƙwaryar fura shi kaɗai, ya koma sai dai ya ji ƙamshinta. Da aka mai da shi kan allurar insulin, ba firij, ya samo ɗan tulu ya zuba yashi mai laima ya binne kwalbar a ciki. Kullum akwai dabino uku a aljihunsa saboda ranar da suga zai faɗi ya fara rawar jiki. Sau biyu na ga hakan a shago, gumi na zuba, yana laluben aljihu.

Mutane kuwa, Allah ya shirye su! A wajen suna a miƙo masa alkaki, ya ce a'a, sai ka ji, "Haba Malam, ɗan wannan mi zai yi maka?" Wani ya ce ya sha shuwaka ya watsar da allura. Wani ya kawo garin magani a leda, wai kwana bakwai ya warke. Almu sai ya karɓa ya yi godiya, mai shi na juya baya ya miƙo mini in zubar. Ni ke yin faɗan a madadinsa, har aka sa mini suna Likitan Almu. Su sa mini, ina ruwana.

Shekara huɗu da suka wuce ƙafafunsa suka fara mutuwa. Wata rana allurar ɗinki ta shige masa a tafin ƙafa, ya wuni da ita bai sani ba, sai Rashida ce ta gani. Likita ya ce masa, "Malam Almu, ƙafarka ta daina jin zafi. Idonka ne zai riƙa yi mata gadi. Kada ka ƙara taka ƙasa ba takalmi, ko a cikin ɗakinka." Ya sayi takalmi sau ciki da safa, yana sa su har cikin zafin bazara, 'yan layinmu na tsokanarsa wai ya zama ma'aikacin banki. Ya samo maganaɗisu yana bin daɓen shago da shi kowace safiya yana tsince allurai. In ya yi alwala sai ya goge tsakanin yatsu da hankici. Bayan magariba ya ɗauki ɗan madubi ya duba tafin ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne mai sakacin da kuke faɗa.

Wuri ɗaya tak ya gagare ni da shi, ƙofar gidan Alhaji Sammani. Tun yana saurayi, in ya je gaida iyayen gidansa a bakin ƙofa yake tuɓe takalmi, ya taka har inda maigida yake, ya durƙusa. Na yi magana har na gaji. Ya ce, "Yari, ba ka gane ba. Ubanshi ya ba ni keken da nike ci da shi. In shiga mishi gida da takalmi? Da wane idon?" Na bar shi, don a lokacin farfajiyar gidan rairayi ce, ga inuwar darbejiya, kuma da sanyin safiya muke zuwa. Sai bara Alhaji ya sare itatuwan ya shimfiɗa intalok, daɓen bulon siminti, saboda motoci.

A watan Afrilu aka sa bikin ɗiyar Alhaji, aka ba Almu ɗinki mai yawa. Wata Laraba ana shirin azahar aka bugo waya, a kawo waɗanda aka gama yanzu yanzu, Alhaji zai yi tafiya. Na ɗauke shi a babur. Maigadi ya buɗe mana, Almu ya sunkuya ya cire takalmi, ya cire har safa, wai kada ta kwashi ƙura ya taka wa Alhaji kafet. Ni ma na cire nawa. Taku uku na yi na ji kamar na taka kaskon suya, na ruga da ɗage zuwa inuwar wata mota. Almu kuwa ya tafi a natse, riguna bisa hannu biyu, ko gezau.

Alhaji na zaune a baranda yana waya. Maimakon Almu ya hau, sai ya tsaya a gindin matakala, cikin rana tsaka, ya durƙusa yana jira a gama. Maganar rumfuna da kujerun biki ake yi. Aka gama da rumfa aka shiga shinkafa, aka gama da shinkafa aka shiga raguna. Ya fi minti goma. Na ce a hankali, "Almu, taso ka shigo inuwa." Ya harare ni alamar in yi shiru.

Kuma na yi shirun. Wannan shi ne abin da ke cin raina har yau. Ni da ke yi wa mutane masifa a kan alkaki guda, ni da na san abin da likita ya faɗa, na tsaya a inuwar mota ina kallon ƙafar abokina tana dahuwa, don kawai ba a ɗaga murya a gidan manya. Tir da ni.

Sai da la'asar, da ya zo alwala, safar da ya mayar bayan mun fito ta ƙi fita. Ya ce, "Yari, zo ka ga wani abu." Tafin ƙafa biyu duk sun yi bororo, na dama ya fashe ya manne da safa. Har da 'yar dariyarsa, wai ko kaɗan bai ji ba. Na ce tashi mu tafi asibiti. Ya ce saura riga shida, biki saura kwana biyar, zai je kemis a naɗe masa. Na ƙwace huɗu na ce ni zan ɗinka, amma biyun da Alhaji zai sa da kansa ya rantse ba mai taɓa su sai shi. Kwana huɗu yana taka keke da ƙafar nan a naɗe. A na biyar zazzaɓi ya rufe shi, shago ya ɗauki wani wari da ban son tunawa.

Sati shida ya yi a gadon asibiti. Ta hagu ta warke. Ta dama aka yanke babban yatsa da biyu na kusa da shi, aka haɗa da wani sashe na tafin. Likita ya tambaya cikin faɗa wa ya bar shi ya taka wuta, na sunkuyar da kai. Alhaji bai samu zuwa ba, amma ya aiko direba da gaisuwa da katan biyu na lemon kwalba. Lemon kwalba fa, jama'a! Ga mai ciwon suga! Rashida ta dube su, ta dube ni, ta rarraba wa masu jinyar sauran gadajen.

Da ya dawo shago sai ya koma ɗan koyo yana da shekara hamsin da takwas. Ya ɗora ƙafar hagu a keke, keke ya riƙa komawa da baya, zare na tsinkewa, ɗinki na karkacewa. Ya warware ya sake, ya warware ya sake. Ni ina gefe ina yi kamar ban gani ba.

Bayan wata huɗu Alhaji ya aiko da shadda. Aikin kwana biyu, Almu ya yi shi a kwana tara. Muka tafi kai wa. Maigadi na buɗe ƙofa sai na ga mutumin nan ya sunkuya zai kwance igiyar takalmi. Na damƙe masa hannu.

"Wallahi tallahi Almu, in ka cire takalmin nan, a nan zan bar ka, gobe kuma in kwashe kekena daga shagon."

"Yari, kar ka kunyata ni."

"Saura yatsu nawa gare ka da za ka ba gidan nan?"

Ya saki igiyar. Ya miƙe, ya shiga da takalmansa yana ɗingishi, gumi na tsattsafo masa, yana sanɗa kamar wanda ya zo sata. Ya durƙusa a gindin matakala.

"Ranka shi daɗe, barka da hutawa."

"A'a, Almu tela! Ina gajiya? Ya iyali? Ya ƙarfin jiki? An ce ka sha fama. Mi ma ya samu ƙafar?"

"Ƙonewa ce, ranka shi daɗe."

"Subhanallahi. Ai ku masu suga sai kuna kula. Ka daina yawo ba takalmi, ka ji ko?"

Na buɗe baki, Almu ya danne mini gwiwa da hannu. Alhaji ya warware rigar, ya duba wuya, ya duba aljihu, ya yaba, ya ce hannun Almu bai tsufa ba. Daga shigarmu har fitarmu ina lura da idonsa. Ko sau ɗaya bai kai ƙasa ba.

A waje, ina ƙoƙarin tada babur, Almu ya ce, "Bai ga takalmin ba ko?"

Na ce, "Bai gani ba."

"To da can fa? Da nike cirewa?"

Na so in yi masa ƙarya, amma raina ya riga ya ɓaci. Na ce, "Da can ma bai taɓa dubawa ba."

Ya tsaya ya daɗe yana kallon takalmin dama, wanda Rashida ta cusa wa auduga a gaba don ya cike gurbin yatsun. Sannan ya hau bayana. Har muka iso Ƙofar Kwaya goshinsa kawai nake ji a tsakiyar bayana, rigata na jiƙewa da hawayensa.