Kwafi na Uku

Ƙarfe bakwai saura kwata take isa ofishin hukumar ilimi ta jiha, tun masu shara ba su gama ba. Ta buɗe ɗakinta, ta yaye ƙyallen da take rufe kwamfuta da shi, ta leƙa bayan tebur ta tabbatar soket bai yi baƙi ba. In an tashi kuma sai ta kulle ƙofa, ta kai har bakin get, ta dawo ta sake murɗa hannun ƙofar. Mai gadi ya ce a shekara goma sha ɗaya da ya yi a wurin bai ga ranar da ta tafi ba ta dawo ba. Ita ce mai buga takardun hukumar, ita ce kuma mai rubuta abin da aka zartar a zaman taro. Shekara talatin da uku ta yi tana wannan aiki, ƙarshen watan jiya ta yi ritaya.

Gara in faɗa tun da wuri, tunda ita ma ba ta musu: matar nan matsoraciya ce. Tana tsoron tsawa, tana tsoron wayar ofis in ta yi ƙara, ba ta tsallaka titi sai ta sami wanda za ta raɓa. In babba ya yi gyaran murya a baranda, cikinta ya ɗuri ruwa ke nan, ko da da wani yake. Ni malamin firamare ne, kuma wannan matsoraciyar na zo in jinjina wa.

Abokan aikinta Inna Kwafi-Uku suke ce mata, kuma sunan yana da dalili. A shekararta ta farko wata wasiƙa ta ɓace tsakanin teburinta da na darakta. Aka tara ma'aikata aka tsayar da ita a tsakiya, aka ce ba ta buga ba, ta yi ta rantsuwa ba mai saurarenta. Bayan mako biyu aka tsinci wasiƙar a ƙarƙashin tabarmar motar daraktan, ba wanda ya ce mata sannu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga ranar kowace takarda uku take bugawa: ɗaya ga mai ita, ɗaya a fayil, ta ukun a jakarta. Tun zamanin tafireta da kabon har aka zo kwamfuta ba ta fasa ba. Kwalaye goma sha huɗu ne a ƙarƙashin gadonta da saman kabad, kowanne da shekarunsa a jiki.

Dokar aiki ta hana fita da takardar hukuma zuwa gida, kuma ta sani. Don haka tsoronta ya zama biyu, na rashin kwafi da na a gane tana da shi. Duk da haka tsohon masinjan ofishin ya ba ni labarin wata malama da aka nemi takardar ɗaukarta aiki aka rasa, har ana batun cire sunanta. Kwana biyu sai ga takardar a cikin fayil, tsaf, kamar ba ta taɓa fita ba. Masinja ya ce, "Na san hannun da ya sa ta, amma na yi kamar ban gani ba. In ka gode wa Inna a gaban mutane, ranar ba za ta iya cin abinci ba."

A bara majalisar dokoki ta zartar da sabuwar doka kan kuɗin makarantu. Tallafi zai bi yawan ɗalibai, kuma duk makarantar da aka ƙirga aka samu ba ta kai yara ɗari ba, za a rufe ta a haɗe ta da mafi kusa. Sufetoci suka zaga da fom suka ƙirga. Ranar wata Litinin aka ajiye wa Inna jerin makarantu goma sha biyu, ta buga kafin zaman Alhamis. Tana cikin bugu ta zo ta bakwai, makarantarmu ta bayan masaƙa. A gabanta an rubuta sittin da takwas.

Hannunta ya tsaya. Ta tuna shekara huɗu baya iska ta kwashe kwanon ajujuwa uku a makarantar, hukuma ta ba da izinin a raba yara biyu, wasu da safe wasu da yamma, kafin a gyara. Ba a gyara ba har yau. Ita ta buga wasiƙar iznin. Sufeton da ya zo mana ƙarfe goma na safe ya zo, ya ƙirga waɗanda ya gani. Hedimasta ya ce masa akwai 'yan yamma, sufeton ya nuna masa fom ya ce gurbi ɗaya ne, ba inda zai sa su. Kwafin wasiƙar da ke hannunmu gara ta cinye shi, na fayil ɗin hukuma kuma an neme shi sama ko ƙasa an rasa. Makarantar da za a kai yaranmu tana ɗaya ɓangaren babban titi, daidai gangaren da tireloli ke saukowa.

Ranar Talata ta bi ta lallama. Ta jira Sakataren hukuma ya gama waya, ta shiga da sallama ciki-ciki.

"Ranka ya daɗe, makaranta ta bakwai ɗin nan, kamar zama biyu suke yi."

Bai ɗago ba. "Inna, an tura ki ƙirge ne?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Alƙaluman nan ni na kai su gaban majalisa da hannuna. Saura miki mako nawa ki yi ritaya?"

"Shida."

"To ki buga abin da aka ba ki, mu rabu lafiya."

Ta fito. Da ta koma gida ta janyo kwalin shekarar, ba ta yi minti biyar ba ta zaro wasiƙar, da sa hannun Sakataren a ƙasa. Mijinta, tsohon direban tirela ne da ciwon baya ya zaunar, yana kishingiɗe yana kallonta. 'Yarsu ta fari ta zo kawo musu cefane, ta karɓi takardar ta karanta, ta zauna a bakin gado.

"Mama, in kika nuna wannan, tambayar farko ita ce daga ina kika samo. Kora ce fa, ba ritaya ba. Shekara talatin da uku su tafi a banza."

"Na sani."

Mijin ya ce, "Uwar yara, aski ya zo gaban goshi. Ki yi haƙuri ki rufe ido, masu makarantar su yi ta kansu."

Inna ta ce, "Malam, gangaren nan na bayan masaƙa, tirela da kaya, in yaro ya shigo tana iya tsayawa?"

Ya juya fuska wajen bango. "Ko ka taka birki har ƙasa sai ta kai ka gidan mai na biyu," in ji shi. "Da kin sani, da ba ki tambaye ni ba."

Laraba da yamma na gan ta da idona, ban san ko wace ce ba. Wata dattijuwa da jaka a hammata ta tsaya a bakin get ɗinmu, leɓenta na motsi tana bin 'yan yamma da ido. Na ɗauka kakar wani ce. Daga nan ta taka zuwa bakin titi. Daga baya ta gaya mini ta fi minti ashirin a tsaye tana neman tsallakawa don ta gwada, duk ta sa ƙafa sai iskar wata motar ta maido ta. Ba ta tsallaka ba. Ta ce, "Ni da girmana na kasa, Malam. Sai na tuna wata 'yar mitsitsiya da na gani a layinku, jakarta ta fi ta girma, takalminta ɗaya a hannu."

A zaman hukumar akwai al'ada. Mai rubutu tana zama a jikin bango, bayan kujerun manya, kuma ba ta magana. In an zartar da abu, Shugaban hukuma yakan waiwayo ya ce, "An rubuta?" ita kuma ta gyaɗa kai, shi ke nan magana ta zama hukunci. Shugabanni tara ta gyaɗa wa kai. Akwai mambobin da suka yi shekaru suna zuwa ba su san muryarta ba.

Ranar Alhamis aka karanta jerin. Ba a yi minti goma ba hannuwa suka tashi, har wani yana duba agogo. Inna tana zaune, zufa ta jiƙa takardar da ke kan cinyarta. Daga baya ta ce mini har ta yanke shawarar yin shiru, ta ma fara neman gafarar Allah a zuciya. Shugaba ya waiwayo.

"An rubuta?"

Kanta ya ƙi gyaɗuwa. Shugaba ya ɗauka ba ta ji ba, ya maimaita.

"Ba a rubuta ba, ranka ya daɗe."

Masinja yana ɗakin yana kwashe kofuna, ya ce muryar kamar ta mai zazzaɓi, amma kowa ya ji. Ta miƙe, kujerar ta faɗi a bayanta. Ta zaro wasiƙar daga jaka, ta miƙa. Shugaba ya sa tabarau ya karanta, ya kai ƙasa wurin sa hannu, ya dubi Sakatare.

Sakatare ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan takarda ba ta cikin fayil. A tambaye ta inda ta samo."

"Daga ina, Inna?"

"Daga ƙarƙashin gadona, ranka ya daɗe."

"Ita kaɗai ce a can?"

Nan ne duk mai wayo zai ce ita kaɗai ce. Inna ta ce, "Kwali goma sha huɗu ne."

Ke ce, Inna, wadda ba ta iya tsallaka titi amma ta tsaya tsakanin titi da yaran mutane. Ke ce kika tona wa kanki asiri don yaran da ba ki san sunan ko ɗayansu ba. Mu da muke da baki mun rubuta ƙorafi ɗaya, da aka yi banza da mu muka ce Allah ya kyauta, muka fara tunanin inda za a tura mu. Ina jin kunyar wannan har yau.

Aka ɗage magana kan makaranta ta bakwai, aka ce a sake ƙirge. Sufeto ya dawo, wannan karon ya wuni. Sittin da takwas da safe, saba'in da huɗu da yamma. Aka cire mu daga jerin, aka kuma gano wasu makarantu biyu masu irin matsalarmu.

Ita kuwa washegari aka turo mota gidanta aka kwashe kwalayen, maƙwabta suna leƙe. Aka ce a ba ta takardar tuhuma, kuma da yake ofishin ba shi da wani mai bugu, ita aka ba ta buga wa kanta. Mako biyar ta yi tana jiran hukuncin kwamitin ladabtarwa. 'Yarta ta ce a makonnin nan zani ya daina zama a ƙugun uwarta, kuma duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta miƙe tsaye. Kullum tana zuwa bakwai saura kwata, tana buga takardun waɗanda za su yanke mata hukunci, ba kuskuren harafi ko ɗaya.

Saura kwana huɗu ritayarta hukunci ya fito. Ba a kore ta ba. An ba ta gargaɗi mai tsanani da zai zauna a fayil ɗinta, an janye takardar yabo da aka shirya mata, an soke walimar sallama. Ranar ƙarshe ta rufe kwamfuta da ƙyalle, ta kulle ƙofa, ta kai get, ta dawo ta murɗa hannun, sannan ta miƙa wa mai gadi mabuɗi. Shi da masinja ne suka raka ta bakin hanya.

Da muka je yi mata godiya, ni da hedimasta da iyaye uku, na tambaye ta ko yanzu tsoron ya tafi. Ta yi dariya ta ce, "Ina zai je, Malam? Tare muka tsufa." Hedimasta ya ce mun ji ita ta buga takardar gargaɗin. Ta sunkuyar da kai, ta jawo jaka. Uku ta buga. Muka roƙe ta ta ba mu na ukun, ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, don ba ta taɓa ba wani kwafinta na uku ya tafi da shi ba. Da ƙyar ta sake shi. Har mun kai ƙofa ta biyo mu tana cewa, "Don Allah kada dai Sakatare ya gani."

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki, ya ba ki hutun da babu ƙarar waya a cikinsa. Ku kuma da kuke zaune a jikin bango a ofisoshi, kuna ganin kuskure yana wucewa ta kan teburinku, ba na ce ku daina jin tsoro ba, ita ma ba ta daina ba. In an waiwayo an tambaye ku, ku faɗi abin da kuka sani, ko da murya na rawa.

Inna, ki yafe mana, ba mu ɓoye takardar ba. Mun sa mata gilashi mun rataye ta a baranda, saman ƙararrawa. Yara ɗari da arba'in da biyu suna wucewa ta ƙarƙashinta kullum, wasu da safe wasu da yamma, har da 'yar mitsitsiyar nan mai takalmi a hannu, kuma babu ɗayansu da ke tsallaka titi.