Madarar Gwaggo Ijju

Ƙanena Bujuma'a mai gyaran firji ne a Agadir, wani birni na bakin teku, kuma har ya shekara arba'in da ɗaya ban taɓa ganin yana gudu ba sai in mota za ta bar shi. Likita ne ya ja mana. Ya ce masa sukari ya fara hawa, ya riƙa ɗan tattaki da yamma. Tattaki fa aka ce. To Bujuma'a bai iya yin abu daidai-wa-daida ba. Ya je gyaran firji gidan wani mai kuɗi, ya ga keke rataye a bangon falo, ya tambaya, aka ba shi labarin wata gasa: iyo a teku kusan kilomita biyu, keke kilomita casa'in, sannan gudu kilomita ashirin da ɗaya, duk rana ɗaya, kuma ba wanda ya koro ka.

Shekara biyu muka sha ƙazantar abin nan. Ya sayo rigar roba ta iyo, ta gwanjo, wadda in ya shanya ta a banɗaki gidan kan ɗauki warin kasuwar kifi. Ya aske gashin ƙafafunsa, magidanci mai 'ya'ya uku. Faratan ƙafarsa suka yi baƙi suka riƙa faɗuwa, har matarsa Mbarka ta sharo ɗaya daga ƙarƙashin gado. Ya bar abincin kirki ya koma tsotsar wani abu mai yauƙi a 'yar leda. Rannan muna tsakiyar cin abinci ya ce wai ƙwararru ba sa sauka daga keke in fitsari ya kama su, a jikinsu suke yi don kada su ɓata lokaci. Na ajiye burodin da ke hannuna.

"Kai ma haka za ka yi?"

"Haba Yaya Rkiya, ni mai salla? Zan sauka."

"To mene ne ribar wannan wahalar? Na ɗaya za ka zo?"

Ya yi dariya, ya ce ko na ɗari uku ba zai zo ba. A ƙarshen gudun akwai wani mai lasifika da ke kiran sunan duk wanda ya gama. "Shekara ashirin 'mai firji' ake ce min, Yaya. Sau ɗaya dai a kira sunana da na Baba a gaban jama'a." Na yi tsaki.

Gasar tana da doka: ba ka karɓar komai daga hannun kowa a hanya, ko kurɓin ruwa, sai a teburan masu gasar. Wanda ya karɓa an cire shi. Hanyar keken kuwa ta ƙasan ƙauyenmu ta bi, inda Gwaggo Ijju take, yayar mahaifinmu, wadda ta raine mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ta haura tamanin. Rabon Bujuma'a da ƙauyen shekara biyu, don duk Lahadi yana kan keke. Shi ya sa ana gobe gasa ya sa ni a mota zuwa ƙauyen.

"Ki riƙe min ita a gida. In ta fito na shiga uku."

Ban gaya mata komai ba. Amma an rufe hanya tun safe, kuma a ƙauyenmu ko akuya ta yi atishawa sai an ji. Kafin in gama shan shayi Gwaggo ta yi wanka, ta sa sarƙar azurfarta, ta jera dabino a faranti da kwanon madara mai ƙamshin furen lemo, yadda ake tarbar wanda ya daɗe bai zo gida ba.

"Gwaggo, an hana."

"Wa ya hana?"

"Masu gasar."

"Su suka goya shi?"

Ta ɗauki sandarta, ni na ɗauki farantin, don in ban ɗauka ba ita za ta ɗauka ta faɗi a gangaren. Rabin ƙauyen ya biyo mu.

Muka tsaya a bakin titin, masu keke na ta zuwa. Manyan mutane, likitoci da masu kamfani, suna wucewa suna fyace majina a iska, suna jefa ledojin abin yauƙin nan cikin gonakin mutane, awaki na bi suna lasa. Wani ƙato ya miƙe a kan kekensa dab da mu, sai ga ruwa yana bin cinyarsa har cikin takalmi.

"A'uzubillahi," in ji Gwaggo. "Wannan ba shi da uwa ne?"

Wannan kam doka ba ta hana ba.

Can sai ga Bujuma'a, fuska duk gishirin gumi, alƙalin gasa a kan babur yana bayansa kaɗan. Na ɗaga masa hannu ina cewa wuce, wuce. Gwaggo ta fizge farantin ta taka bakin kwalta, ta ɗaga shi, madarar na ɗiga. Na ga ya dube ta, ya waiwayi babur ɗin, ya dubi mutanen ƙauyen da suka yi cirko-cirko. A wurinmu wanda ya wuce madarar tsohuwa a gaban jama'a ya gama zubar mata da mutunci har ta mutu. Ya taka birki.

"Sannu da zuwa gida, ɗan nan. Ji yadda ka rame."

Ya sumbaci goshinta, ya ci dabino ɗaya, ya kurɓi madarar. Usur ya tashi. Alƙalin ya tsaya ya ɗaga jan kati.

Gwaggo ba ta san kati ba, baƙo ta gani. Ta miƙa masa kwanon. Mutumin daga jin maganarsa ɗan yankinmu ne, ya san abin da ƙi ke nufi. Ya duba hagu da dama, ya yi bismilla, ya shanye. Ya goge baki da bayan hannu, sannan ya rubuta lambar da ke jikin rigar ƙanena.

"Kai da ka shanye fa," na ce, "wa zai ba ka naka katin?"

"Baiwar Allah, ni ba gasa nake ba."

Bujuma'a ya tambaye shi ko zai iya ƙarasawa. Alƙalin ya ce hanya ta kowa ce, amma sunansa ya fita. Ƙanena ya gyara hular kwanonsa ya hau keke.

Na samu tasi ta wata hanya na koma gari, na tsaya a wurin gamawa. Mai lasifikar nan yana ta kiran sunaye, har na Turawan da harshensa bai iya ba sai ya kakkarya ya faɗa, ana tafi. Wajen la'asar Bujuma'a ya ɓullo yana jan ƙafa, amai ya bushe a gaban rigarsa. Mai lasifika ya dubi lambarsa, ya dubi takarda, ya ɗauki gorar ruwa ya sha har ƙanena ya wuce. Yarinyar da ke rataya lambar yabo ta taho, wani ya riƙe mata hannu.

Ya zube a ƙasa. Na ɗauka kuka zai yi ko zagi. Da numfashinsa ya dawo, sai ya ce, "Yaya, kar Gwaggo ta ji."

Ba ta ji ba. Kekensa yana nan a shagon bayan tsofaffin firji, bai ƙara shiga gasa ba. Gwaggo kuwa duk wanda ya shigo gidanta sai ya ji yadda madararta ta kai ɗanta har ƙarshe, kuma kullum ni take juyowa ta kafa shaida.

"Rkiya tana wurin. An kira sunansa da na ubansa a lasifika, ko ba haka ba?"

Ni kuwa sai in ce, "An kira, Gwaggo."