Garin da Malam Sallau Ya Ƙi Tashi Daga Cikinsa

Wata rana, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Funtuwa mai suna Uwani, wadda ke aiki a Italiya, ta samu labari daga gida.

Mahaifinta, Malam Sallau, yana fama da hawan jinin ido. Likita ya ce ganinsa yana tafiya a hankali, kuma ba zai dawo ba.

Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da labarin ƙasa. Ya zana teku da alli a kan allo ba adadi, amma bai taɓa ganinta da idonsa ba.

Uwani ba ta yi wata-wata ba. Ta nemo masa biza, ta ɗauki hutu, ta zauna ta tsara tafiya. Ƙananan garuruwan bakin teku guda bakwai, cikin kwana huɗu.

So take idon nan ya ƙoshi kafin ya rufe.

Da ya iso Italiya, ranar farko suka yi gari biyu. Su sauka daga jirgin ƙasa, su haura matakala, ta nuna masa tsohuwar ganuwa, ta ɗauke shi hoto, ta duba agogo.

Shi dai yana biye da ita da sandarsa, yana haki.

Kashegari da hantsi suka isa gari na uku.

Ɗan mitsitsin gari ne, maƙale a jikin dutse. Gidajen sun hau kan juna, wannan ruwan ɗorawa, wancan ruwan hoda, an shanya wanki daga taga zuwa taga. Lungunan ko mutum biyu ba sa jerawa. Kowane lungu ka bi, gangarawa yake, har ya ajiye ka a bakin ruwa.

Can ƙasa kwale-kwale suna lilo. Wani tsohon masunci yana ɗinke komarsa, kyanwa na barci a gefen ƙafarsa.

Malam Sallau ya samu wani dakalin dutse, ya zauna.

Minti goma. Minti ashirin.

Ruwan shuɗi ne a nesa, kore a kusa. Ƙararrawar coci ta kaɗa daga saman gari, sautin ya biyo lungu ya sauko, ya ɓace a kan teku. Iska mai ɗanɗanon gishiri tana wasa da bakin babbar rigarsa.

Uwani ta kasa tsaye ta kasa zaune. Saura gari huɗu, ga jirgi ya kusa tashi.

Ta durƙusa a gefensa.

"Baba, ka daure mu tashi. Akwai sauran wurare da yawa da nake so ka gani."

Bai ɗauke ido daga kan ruwan ba.

"Uwata, ni ba yawa nake nema ba. Na jiya har sun cakuɗe mini. Ki bar ni in haddace wannan, shi zan riƙa kallo idan duhu ya zo."



Tana ji jirgin ya yi kuka ya wuce. Ta zauna kusa da shi, ta sa wayarta a jaka.

Kwana uku suka yi a garin nan, a wani ɗan masauki na wata tsohuwa. Da safe ya bi lungu ɗaya a hankali, yana shafa bango. Ya tsaya a gaban ƙofa guda ya daɗe. Da la'asar ya koma dakalinsa, shi da masuncin su ɗaga wa juna hannu. Babu mai jin yaren wani, amma kullum sai masuncin ya matsa masa wuri.

Bayan wata tara da komawarsa Funtuwa, ganin ya tafi gaba ɗaya.

Da bazara ta zagayo, kewarsa ta ishi Uwani. Ta hau jirgi ita kaɗai ta koma garin, ta kira shi a waya daga bakin ruwa.

Ya ce ta juya wa teku baya, ta hau matakala goma sha tara, ta karya hagu. Za ta ga wata ƙofa mai tsatsa, da bishiyar lemon tsami ta leƙo ta saman katanga.

Ta hau tana ƙirgawa. Goma sha tara cif.

Ga ƙofar. Ga lemon, ya nuna, har ɗaya ya faɗo ƙasa.

Kwana uku ta yi tana wucewa ta nan da idonta biyu lafiyayyu, ba ta taɓa lura da shi ba.

Ta tsaya a wurin tana hawaye, makaho yana yi mata jagora daga Funtuwa.

Darasi: Muna gudun tara wurare, tara hotuna, tara sani, har mu wuce abin da ke gabanmu ba mu gan shi ba. Abin da ka tsaya ka kalla da zuciyarka, shi ne naka. Kuma idan za ka kyautata wa iyayenka, ka fara tambayarsu me suke so.

Ka tura wa wanda ka san kullum cikin sauri yake. Wataƙila yau ya ɗan zauna.