Abin da Toka ta gani

Babanmu shekara talatin da shida ya yi yana gyaran takalma a bakin titi, a kan 'yar kujerar da ba ta kai gwiwa ba. Ko fuskar mutum ta ɓace masa, da ya kalli dunduniyar takalminsa zai tuna shi. Bayan rasuwar Mama sai ya rufe akwatin aikinsa, ya sayo littattafan rubutu, ya ce labari zai rubuta. Muka yi ta dariya, yayana har yana kiransa farfesa. Da muka ji cewa magen Mama, wata tsohuwa mai suna Toka, ita ce za ta ba da labarin da bakinta, sai dariyar ta ƙaru.

Ni ce mai buga masa a kwamfuta, domin ni kaɗai na rage a gidan. Kuma ni ce nake ɓoye masa wani abu. Ranar da Mama ta cika, ni aka bar wa jinyarta da hantsi. Na faɗa wa kowa hannunta yana cikin nawa. Ƙarya ce. Ina bakin ƙofa ina waya, ta kira ni, na ce ina zuwa, na fice tsakar gida don in ji mai maganar sosai. Da na dawo ta riga ta tafi, ba kowa a ɗakin sai Toka a ƙarƙashin gado.

Littafin farko ya fito, wani mai sharhi a jarida ya yi masa kaca-kaca. Ya ce wannan ba mage ba ce, tsoho ne ya yafa fatar mage yana yi wa mutane wa'azi. Na so in je in same shi in wanke shi tas, mutumin da ko kaza ban ce ya taɓa kiwo ba. Baba kuwa ya sa na karanta masa sau biyu.

"Gaskiya ya faɗa, Uwata," in ji shi. "Ni na yi ta surutu, ban bar ta ta ce komai ba."

Daga ranar ya daina zama a kujera. Da an karya kumallo sai ya kwanta rubda-ciki a tsakar ɗakin Mama, Toka ta zo ta zauna daidai kunnensa. Ba ta kuka, ba ta motsi, shi kuma alƙalaminsa na ta gudu. Wani lokaci ya tsaya ya ce, "To, sai kuma me?" Abin ya fara ba ni tsoro, har na daina wucewa ta ƙofar.

A littafi na biyu babu fuska ko ɗaya, sai ƙafafu da takalma da ƙarƙashin gado. Ina cikin bugawa na iso babi na tara. Shuɗin silifas mai tsinkakken hanci ya tsaya a bakin ƙofa. Murya daga saman gado ta kira shi sau uku. Silifas ɗin ya juya ya fita. Nawa ne, kuma a ranar da Mama ta rasu na jefa shi a shara. Na buga babin, ban canja ko harafi ba, ina ta gaya wa kaina dace ne kawai.

Wannan karon mai sharhin ya yaba, ya ce tunda yake bai taɓa jin muryar dabba a takarda kamar wannan ba. Aibi ɗaya ya samo, a babi na tara. Ya ce mage ba ta san ƙirge ba, ina ta san uku?

Na karanta wa Baba sharhin da yamma yana zaune a ƙasa, Toka a cinyarsa, idonta ƙur a kaina. Da na zo kan zancen ƙirgen sai Baba ya tsayar da ni.

"Wannan mutum da kunne yake," Baba ya ce. "Nan kaɗai na sa bakina, kuma ya kama ni."

"Baba, wa ya gaya maka zancen silifas ɗin?"

Ya ci gaba da shafa bayan magen. Na ce a raina ko uku ne ko biyu, ni dai kira ɗaya na ji kafin in fita.

"To ita Toka me ta ce?" na tambaya, ban ma san na yi ba.

"Cewa ta yi an yi ta kira har muryar ta ƙare." Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. "Na san ke za ki buga, Uwata. Shi ya sa na rage shi zuwa uku."