Bayan Hannun Malam Garba

Ba zan rantse cewa duk abin da zan faɗa haka ya faru ba, domin ina ƙarami lokacin, kuma Kaka takan sauya labari. Abin da na tabbatar shi ne, bayan magariba mukan hau saman gidanmu a Nakkasa, wata unguwa a ƙasa mai tsarki, ta hura gawayin shayi, mu kewaye ta. Idan ɗayanmu ya fara gyangyaɗi, sai ta shafa masa kunci da bayan hannunta. Ban taɓa ganin ta shafa yaro da tafi ba.

Wata rana ta ce, "Ku matso, ga ta nan, amma ta yau ba tatsuniya ba ce, ta ubana ce."

Mahaifinta, Malam Garba, ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano, ya zauna. A zamanin yaƙin duniya na biyu, in ban yi kuskure ba, ya sami aiki a Nawwariyya, ƙauyen da ake ƙona dutse ya zama nura, farar hodar da ake gini da ita. Duk ƙauyen hayaƙi ne da farar ƙura. Shi ne mai kwashe dutsen daga tanderu.

Damuwar Kaka ɗaya ce tana yarinya: ubanta bai taɓa riƙe mata hannu ba. Ko Harami za su je cikin cunkoso, gefen rigarsa yake miƙa mata. Sai ta yanke a ranta cewa ba ya son ta.

Ran nan ya dawo daga aiki tana wanke-wanke. Ta ruga da jiƙaƙƙun hannuwa ta cafke tafinsa. Nura kuwa in ta sha ruwa ƙuna take yi, ga ta maƙale cikin tsagar fatarsa.

Kaka ta ce, "Wallahi ya waladi, ɗana, kamar na dafa garwashi! Ni da na ƙone ina ihu, shi ƙaton mutum yana kuka ya fi ni."

"Kaka, ya doke ki?" in ji ƙanena.

"Doka? Kai dai da kanka kamar tulu. Man riɗi ya ɗebo, ya shafa mini da bayan hannunsa, nan ne kaɗai nura ba ta ci ba. Yana cewa, 'Uwata, yi haƙuri, abin da nake guje miki ke nan.'"

Daga ranar, kullum ya shigo sai ya shafa kuncinta da bayan hannu.

Bayan na gama jami'a na nemi sunansa a takardun tarihi, ban samu a ko'ina ba. Na daɗe ina jin nauyi, kamar na bari ya ɓace. Wataƙila ba wurin da ya dace na duba ba. Kwanan baya ina kwantar da 'yata, ta kama hannuna ta juya shi, ta ce, "Baba, me ya sa kullum da nan kake shafa ni?"

Tafina lafiya lau, alƙalami kawai ya sani. Na ce mata, "Matso, ga ta nan."