Kailani da Hoton Tasoshin Sakinatu

"Wai me yake yi a ɗakin nan tun hantsi?"

"Hoton tasoshin matarsa zai ɗauka, in ji shi."

"Tasoshi? To me ya kai yaro gaban jere, har da shimfiɗa masa buzu?"

"Ke dai ci gaba da dakanki. Wata tasar ai har tatata take yi."

Matan tsakar gida suka kwashe da dariya. Kailani na ciki, kansa a ƙarƙashin baƙin ƙyalle, ya ji su sarai.

Kailani mai akwati, haka Tudun Wada ta san shi a shekarun da unguwar ke sabuwa, jirgin ƙasa kuma bai daina ba mutane mamaki ba. Ɗan birni ne, ɗinkin hula ya gada. Ya fito Tudun Wada neman kasuwa sai ya haɗu da Malam Barnabas, wani Kirista mai ɗaukar hoto, ya riƙa ɗaukar masa ƙafafun akwatin hoto, har ya koyi wanke gilashin hoto a ɗaki mai duhu. Da idon Malam Barnabas ya raunana sai ya bar masa kayan. Daga nan Kailani ya ɗauki akawuna da masu dawowa daga Ikko da sabuwar riga, duk a waje, cikin rana, mutum ya sandare kamar an dasa shi. Bai taɓa ɗaukar kowa a cikin ɗaki ba, balle yaro.

Yaron kuwa nasa ne, ɗan farinsa, Mahmudu, bai cika shekara biyu ba. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari: uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya masa wasa, sunansa ma ba ya fita daga bakinsa. Uwar ma haka. Kailani "yaron nan" yake cewa, Sakinatu ta ce "wannan". Ga shi Inna Kulu, mahaifiyar Sakinatu, ta zo daga ƙauyensu za ta tafi da shi yaye gobe da sassafe, ɗan fari kuwa in ya tafi wurin kaka sai ya yi wayo ake sake ganinsa. Kailani ya ɗauki fuskokin baƙi ba iyaka, amma fuskar ɗansa bai taɓa tsayawa ya kalle ta son ransa ba.

A tsakar gida aikin ba wuya, haske ya wadata. Sai dai in ya yi haka, kafin la'asar labari ya kai bakin kasuwa cewa Kailani ya fito da ɗan fari rana tsaka yana ƙare masa kallo. Shi ya sa ya ƙirƙiro zancen tasoshi.

Ɗakin Sakinatu ba taga, ƙofa ce kaɗai. Yana da garin walƙiya da Malam Barnabas ya bari, wanda ake kunna wa wuta ya haske wuri, amma ya ɗaga kai ya dubi jinka ya mayar da shi cikin jaka. Idon akwatin da ya saba aiki da shi ƙarami ne, sai da rana. Ya kwance shi ya ɗaura tsohon na tagulla mai faɗin baki, ya buɗe shi iyakar buɗewa don ya sha haske. Aibinsa ɗaya, abin da ke daidai inda aka auna kaɗai yake fitarwa, in yaro ya matsa taki guda ya zama hayaƙi. Ya naɗe asabarin ƙofa, ya sa Sakinatu ta rataya farin zane a bango, ya jingina babbar tasa a gefe tana mayar da haske kan buzu.

Da ya shiga ƙarƙashin ƙyallen don aunawa, sai ga yaron a jikin gilashi, kai ƙasa ƙafa sama, kamar yadda akwatin ke nuna kowa. Ya ga goshin irin na kakan yaron, mahaifinsa shi Kailani. Ya ga ɗan tabon da ke haɓa, wanda bai san ranar da aka ji ciwon ba. Ya gama aunawa tuni, amma ya ƙi fitowa, don a nan kaɗai ba mai ganin inda idonsa yake.

"Malam," in ji Sakinatu a hankali, fuskarta na kallon bango, "ko ka yi barci ne a ciki?"

Ya fito, ya zura gilashin ɗauka. Biyu suka rage masa. Abin da ya rage yanzu shi ne ya cire murfin idon akwatin, yaro ya tsaya cak na ɗan lokaci yana duban akwati, a mayar da murfi.

"Kai," ya ce. "Kai, yaro."

Yaron na wasa da layar wuyansa.

"Ke kira shi mana."

"In kira shi da me?"

"Da abin da kike kiransa."

"Wannan," in ji Sakinatu. "Kai, wannan, dubi nan."

Ta tafa hannu. Yaron ya ɗago, Kailani ya cire murfi, sai zakara ya yi cara a waje, yaron ya waiga gaba ɗaya. Ba sai an wanke ba, Kailani ya san gilashin ya lalace. Saura ɗaya, hasken kuma ya fara janyewa daga bakin ƙofa. Gobe kafin hasken ya dawo sun yi nisa da yaron.

Yana cikin zura na ƙarshe ɗakin ya yi duhu. Inna Kulu ce ta tsaya a ƙofar, ta cike ta. Kailani ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Tun da ya auri Sakinatu bai taɓa haɗa ido da tsohuwar ba, ko ruwa bai taɓa sha a gabanta ba.

"Sannu da aiki," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Tasoshin sun ƙi tsayawa ne?"

"Suna tsayawa, Inna."

"Madalla." Ta leƙa wajen buzu. "Kai kuma maigidana, me ka zauna yi cikin kayan mata? Mamuda!"

Yaron ya ɗago kai nan take. Ya kafe ta da ido, baki buɗe, bai ko motsa ba, irin tsayuwar da Kailani ke nema tun hantsi. Sai dai ƙofa yake kallo, ƙofar kuma a toshe take.

"Taso mu je, ka bar masu hoton kwano su yi aikinsu," in ji ta, ta miƙa hannu.

A waje an daina daka, ana saurare. Kailani ya dubi baƙin ƙyallen da ke rataye a jikin akwati. Ba damar komawa ciki, mai cire murfi a fili yake tsayawa. Yaron ya dafa ƙasa zai miƙe. Kailani ya ji muryarsa ta fita da ƙarfin da bai yi niyya ba, har matan tsakar gida suka ji.

"Inna, ba tasoshi nake ɗauka ba. Don Allah ki shigo daga ƙofar, ki tsaya nan bayan akwatin, ki sake kiran sunan nan."